Awon Kafaɗar Yaro

Ranar wata Asabar cikin watan Satumba na shekarar 2018, ina zaune a ɗakin da nake haya a gefen birnin Madison na jihar Wiskonsin, can ƙasar Amurka, ina fama da takardun ɗalibai, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ko da na buɗe sai na ga dattijon nan mai gidan ne, ya sa hularsa ta fita, makullin mota a hannu. Tsohon kafinta ne, ya ba saba'in baya, kuma tun ran da ya ji ɗalibaina suna ce mini Malam shi ma ya kama, bai sake kirana da wani suna ba. Ya ce, "Malam, in ba ka da wani uzuri yau, zo ka raka ni kanti. Bindiga zan saya wa jikana."

Da farko na zaci kunnena ne bai ɗauko Turancin daidai ba. Jikan nan na san shi sarai, don duk ƙarshen mako uwarsa kan kawo shi. Shekararsa tara, ko famfara bai gama ba, ga shi siriri ko a cikin tsaransa. Na ce, "Baba, ta wasa?" Ya yi dariya ya ce ta gaske, ta harbin tsuntsaye da zomaye, irin wadda kan watsa ƙananan ƙwayoyin dalma maimakon harsashi guda.

Abin da ya sa ya zaɓe ni rakiya kuwa, bakina ne ya jawo mini. Wani dare muna hira na taɓa gaya masa cewa ni ɗan gidan maharba ne daga ƙasar Ningi, har na ba shi labarin yadda Baffana kan ɗaura kan burtu a goshi, ya shiga ciyawa da rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun, har ya iso kusa da barewa ba ta ankara ba. Labarin ya yi masa daɗi ƙwarai, tun daga ranar yake yi mini kallon gwani. Ni kuwa na san rabin labarin na ba shi, rabin na bar wa cikina. Amma da yake ba a ƙin rakiyar mai masauki, sai na ɗauki rigar sanyi na bi shi.

Ya kamata in ɗan yi wa mai karatu bayani, don kada ya ɗauka dattijon nan ya zautu ne. A wannan yanki na Amurka farauta gado ce kamar yadda take a gidanmu, sai dai su tasu hukuma ta yi mata ƙa'ida ta rubuta. Kowace shekara cikin watan Nuwamba akan buɗe daji kwana 9 don harbin barewa da bindiga, mutum fiye da rabin miliyan su yanki lasin, su fita sanye da riguna ruwan goro masu ɗaukar ido don kada wani ya zaci ɗan'uwansa dabba ne. A da sai yaro ya kai shekara 12 ake barinsa ya yi harbi a daji. A 2009 aka sassauta zuwa shekara 10, muddin akwai babba tare da shi, kusa yadda in ya miƙa hannu zai taɓa shi. A watan Nuwamba na 2017 kuwa Gwamna Scott Walker ya sa hannu a dokar da ta cire iyakar shekarun ɗungurungum, aka bar wa iyaye su yanke da kansu. Duk da haka dokar tarayya ta 1968 ta hana mai kanti ya sayar wa wanda bai kai 18 ba doguwar bindiga, saboda haka babba ke saye da sunansa, ya cika takarda, a bincika ko yana da tabon laifi. Mu a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasin riƙe bindiga, ko da yake duk wanda ya tashi a ƙauye ya san tsakanin takardar doka da bakin daji akwai 'yar tafiya.

Muka biya muka ɗauki yaron, muka nufi wani kanti a bayan gari. Bindigogi na jere a bango kamar garemani a rumfar maƙera ranar kasuwa. Na zaci wani ƙaton mutum mai gemu za mu tarar, sai ga wata mata mai furfura, tabarau a rataye a wuya. Ashe ita ce mai kantin, kuma tana daga cikin masu koyar da darasin kiyaye haɗari wanda jihar ta wajabta wa duk mafaraucin da aka haifa daga 1973 zuwa yau kafin ya fita daji shi kaɗai. Dattijo bai yi wata-wata ba, ya ce 'yar ƙaramar nan yake so wadda suke kira 410, mai cin harsashi ɗaya, irin wadda mahaifinsa ya ba shi sama da shekara sittin da suka wuce.

A nan sai da aka yi mini karatu, don ban san kan lambobin ba. Wata hanya ce ta mutanen da ake auna faɗin bututun irin waɗannan bindigogi da ita. A ɗauki laba guda ta dalma a raba ta dunƙule-dunƙule daidai wa daida. In dunƙule 12 aka samu, kowane kuwa ya cika bakin bututun cif, to bindigar lamba 12 ce, in 20 aka samu, lamba 20 ce. Wato lamba na hawa, baki na tsukewa. Bakin lamba 12 ya kai kimanin milimita 18 da rabi, na lamba 20 ya ɗara 15 da rabi kaɗan. Ita 410 ita kaɗai ta fita daban, don sunanta awon inci ne, bakinta bai kai rabin inci ba.

Matar ta sauko da bindigar ta ajiye bisa tebur, amma ba ta sake ta ba. Ta ce ita a ganinta an daɗe ana cutar yara da wannan 'yar bindiga saboda ƙanƙantarta. Gajeren harsashinta ƙwayoyin dalma na giram 14 kawai yake ɗauka, alhali na lamba 20 yakan ɗauki giram 24. Ƙwayoyi kaɗan kuwa ba su cika fili, saboda haka sai gwani ke sauko da tsuntsu mai tashi da ita. Yaro zai yi ta harbin iska har ransa ya ɓaci, ko kuma ya raunata dabba ta tafi ta mutu a ɓoye, wanda ya fi muni. Ta kuma nuna mana kunamar da ke bayan bututun, wadda sai an ja ta baya da babban yatsa kafin a harba. In aka ɗana sannan tsuntsu ya tsere, dole a mayar da ita a hankali, yatsa ɗaya na riƙe da ita, ɗaya na jan maɗanar ƙasa. Babban yatsan yaro kuwa, cikin sanyi, cikin safar hannu, ba abin da za a jingina rai a kansa ba ne.

Dattijo ya ce to a ba su lamba 20 mai cin harsashi ɗaya, mara nauyi, yadda yaron zai iya ɗauka. Ta girgiza kai. Ta ce nan ne mutane ke yin kuskure na biyu, don duk ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne ke turo bindiga baya, kuma nauyin bindigar ne ke shanye wani abu daga cikin dukan kafin ya iso kafaɗa. Bindiga mara nauyi ta fi daɗin ɗauka, ta kuma fi kowace mugun duka. Sai ka ga an saya wa yaro wadda ta fi ta ubansa zafi, da sunan an tausaya masa.

Sa'an nan aka zo ga awo, wanda shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Ta ɗauko wata lamba 20 da aka ƙera don yara, irin wadda ake jan katakon gaba a tura kafin ta ɗauki wani harsashi. Ta buɗe cikinta, ta duba da ido, ta sa yatsa ta taɓa, ta nuna wa yaron cewa ba kome, ta sa shi ma ya duba da kansa, kafin ta miƙa masa. Daga maɗana zuwa ƙarshen gindin bindigar manya akwai kimanin inci 14, na yara kuwa 12 zuwa 13. Yaro ya ɗaga ta ya kai kafaɗa. Nan da nan muka ga bayansa ya lanƙwashe, cikinsa ya turo gaba, kansa ya koma baya, hannun hagu ya miƙe sambal yana rawa, bakin bindigar yana zana da'ira a iska. Ta ce ya riƙe ta ƙirga goma. Kafin ta kai shida baki ya sunkuya ƙasa.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa shi ya miƙe hannuwa ya haɗa tafuka ya bar 'yar kafa a tsakiya, ya leƙa hancinta ta ciki da ido biyu a buɗe, sa'an nan ya jawo hannuwan a hankali zuwa fuskarsa. Kafar ta sauka a kan idon hagu. Yaron na dama ne a hannu, amma idonsa na hagu ne ke jagora, abin da kakansa bai taɓa sani ba. Ta ce in aka bar shi ya ɗora a kafaɗar dama zai yi ta kuskure ta gefe guda bai san dalili ba, gara tun yanzu a koya masa da hagu. Daga ƙarshe ta faɗi maganar da ta sa na ji kamar da ni take. Ta ce yaron da harbin farko ya ji wa ciwo, jikinsa ba ya mantawa. Ko ya girma, kafin ya ja maɗana idonsa zai runtse, kafaɗarsa ta zabura, ya yi ta yi ba da saninsa ba, wani har ya tsufa.

To, ga rabin labarin da ban ba dattijo ba. A gidanmu ba a saya wa yaro bindiga. Danƙo ake fara yi maka, ka yi ta fama da kurciya da ƙadangare. In ka ɗan tasa a koya maka ɗana tarko da jifa da kere. Bayan nan a yarda ka bi maharba daji, amma aikinka ɗaukar goran ruwa da burgami, da yin shiru. Baffa yakan ce wanda bai iya zama bakin rafi daga asuba zuwa hantsi ba tare da ya kori ƙudan da ya sauka a hancinsa ba, bai isa a ba shi wuta ba. Na yi rani biyu ina bin sa da gora, ina ganin ana ƙwarata, don ni a ganina na riga na san kome. Na san yadda ake zuba albarushi, a tura tsumma, a danna da sanda, a zuba ƙwayoyi. Abin da ban sani ba shi ne, bindigar da ake ɗurawa ta baki tana da wuyar kwashewa, saboda haka in maharbi ya dawo bai harba ba, sau da yawa haka yake rataye ta da cikinta.

Wata rana da azahar, ina da shekara goma sha ɗaya, manya sun tafi jana'iza ƙauyen gaba, na shiga ɗakin Baffa na taka turmi na sauko da ita. Ba harbi na yi niyya ba, so nake kawai in ji yadda take zama a kafaɗa. Ta fi ni tsawo. Na fito tsakar gida na ɗaga ta da ƙyar, bayana ya lanƙwashe daidai yadda na yaron nan ya yi a kanti, na auna zanan da ya raba sashenmu da madafa, na ce "Tau!" da baki, yatsana kuma ya yi nasa aikin. Ban ji ƙarar ba sai daga baya. Na farka kwance a ƙasa, hayaƙi ya cika gida, kaji na ta kururuwa, kafaɗata kamar an sare ta da gatari. Zana ya huje, randar da ke bayansa ta tarwatse, ruwa na malala har ƙarƙashin ƙafata. Ƙanwata, wadda lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba, tana tsaye taku uku daga wurin da moɗa a hannu. Yanzun nan ta ɗebi ruwa ta juya.

Baffa bai doke ni ba, da ma ya doke ni da na fi samun sauƙi. Ya dubi randar, ya dubi yarinyar, ya ɗauki bindigarsa ya shige ɗaki. Da ɗorin ƙashin wuyana ya warke, aka ɗora mini ɗebo ruwan gidan daga rijiya har damina ta faɗi. Bai sake cewa in ɗauki gora in bi shi ba, ni kuma ban sake roƙo ba. Da ya rasu ɗan ƙanwarsa aka ba bindigar. Yau ƙanwar tawa tana da 'ya'ya biyar, ba ta ma tuna abin, sai in an ba ta labari ta yi dariya. Ni kuwa har gobe in aka harba bindigar sallah a ƙofar fada, idona kan runtse tun kafin ƙarar ta iso.

Muna tsaye a kantin, matar ta ce da dattijo gaskiyar magana bindigar ta dace, yaron ne bai kai ba tukuna, ya dawo baɗi ko baɗin waccan. Ban taɓa ganin mai kanti yana korar ciniki da bakinsa ba sai ranar. Dattijo ya yi shiru, sa'an nan ya ce a naɗe masa ita. Ta dube shi ta saman tabarau, ta miƙo takardar cikewa. Kafin mu fita ta tambaye shi wace iri yake da ita a gida, ya ce lamba 12. Ta ɗauko harsashi ɗaya ta nuna wa yaron, ta ce ya lura kwanson na lamba 20 rawaya ne, kuma da gangan maƙera suka yi haka. In aka yi kuskure aka jefa shi cikin lamba 12, zai zarce ya maƙale a cikin bututu, mutum ya zaci ba kome ya ƙara wani a baya, in ya harba bututun ya fashe a hannunsa. Ta ce kada a taɓa haɗa iri biyun a aljihu ɗaya.

A mota yaron ya yi barci a baya, kwalin na gefensa. Na daure na ce, "Baba, ba ka ji abin da ta ce ba?" Ya ce ya ji. Muka yi tafiya mai nisa kafin ya ƙara da cewa, "Malam, shekara guda a wurinsa ba kome ba ce. Ni likita ya ga wani abu a huhuna." Na rasa ta cewa. A nan ne na ba shi labarin randar, tun daga turmi har zuwa moɗa. Bai ce uffan ba, illa dai da muka tsaya a danja ya juya ya dubi yaron, ya daɗe yana dubansa har na baya suka yi mana oda.

Uwar yaron ba ta yi murna ba ko kaɗan. Ina daga ɗakina ina jin muryarta. Ta tuna masa abin da ya faru a jihar Kentaki a 2013, inda yaro ɗan shekara 5 ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara 2 da wata 'yar bindiga da aka ƙera musamman don yara, wadda aka jingine a lungu ana zaton ba kome a cikinta. Ba zan ce tsoronta ba shi da tushe ba, don bayan haka da shekara biyu kacal, a 2020, ƙididdigar hukumar lafiya ta ƙasar ta nuna bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a Amurka. Shi kuma ya ce da ita yaron da ya tashi a gidan da ke da bindiga, ko an koya masa ko ba a koya masa ba, wata rana sai ya taɓa ta, gara ya taɓa ta a gaban babba. Na auna maganganun biyu a raina, na ga kowace tana da nauyi, kuma ni da na taka turmi ba ni da bakin raba su. Suka rabu a kan cewa bindigar za ta shiga akwatin ƙarfe, harsashi a wani wurin daban, makullin kuwa a jakar uwar.

Abin da dattijo ya yi bayan nan ban zata ba. Ya shiga rumfar aikinsa kwana biyu, ina jin zarto da ƙarar gogewa. Ya fito da bindigar katako, ya auna ta daidai hannun yaron, ya huda cikinta ya cusa ƙarfe don ta ɗan yi nauyi, ya shafa mata mai har tana sheƙi. Yaron ya ɓata rai, ya ce, "Kaka, wannan ai sanda ce." Ya ce masa sanda ce, amma duk ran da bakinta ya dubi mutum ko kare, ko da cikin mantuwa, ranar an gama farauta, gida za a koma.

Sau uku na bi su daji cikin watan Oktoba, lokacin da ganyaye suka yi ja suna zuba. Ran farko ko rabin sa'a ba mu yi ba, yaro ya juyo zai nuna mini kurege, bakin katakon ya biyo ta cikina. Dattijo bai ɗaga murya ba, ya kira karensa muka koma mota, yaron na kuka har gida. Ran na biyu a wajen tsallake shinge aka samu matsala. Ran na uku muka yini. Yana tafe a hagun kakansa, bakin katako na duban ƙasa, in zomo ya tashi ya ɗora a kafaɗar hagu ya bi shi, ya bar wa tsoho harbin. Dattijo na tsayawa yana tari duk bayan 'yan taku. Ni aka ba jakar abinci da butar shayi, na ga dai ko a Amurka aikin gora bai bar ni ba.

Na dawo gida a tsakiyar 2019. Bayan shekara biyu uwar yaron ta aiko mini da saƙo cewa tsohon ya rasu tun cikin hunturun da ya biyo bayan tafiyata, bai ga harbin jikansa ba. Yaron ya shiga darasin matar nan mai kanti da ya cika goma sha biyu, ya fara da faya-fayan yumɓu da inji ke cillawa sama, da kafaɗar hagu, kuma a cikin ashirin da biyar na farko ya fasa tara. Ta haɗo da hoto. Ya yi tsawo har na kusa kasa gane shi, an ƙara wa gindin bindigar wani ɗan katako don hannunsa ya wuce awon da. Ta ce makullin har yanzu yana jakarta. Ta katakon kuwa tana rataye a ɗakinsa bisa ƙusa biyu, ya hana kowa saukewa.